Amsa ga yarona kan kiɗan Bolero

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na ɗora ka a kan Bolero. Ka ce ka saurara har ƙarshe ba ka ji komai ba sai abu ɗaya ana ta nanatawa, kuma hannunka ya wuce irin wannan bugun. To ɗana, kunnenka bai yi maka ƙarya ba, nanaci ne. Sai dai ka tsaya a bakin ƙofa ka ce ka ga ɗaki.

Wanda ya tsara kiɗan, Maurice Ravel, Bafaranshe ne, an haife shi a 1875 a garin Ciboure, dab da iyakar Sifaniya. Wata shahararriyar mai rawa 'yar Rasha, Ida Rubinstein, ita ta nemi ya tsara mata kiɗan rawa mai ƙamshin Sifaniya, aka fara buga shi a babban gidan opera na birnin Paris ranar 22 ga Nuwamba, 1928. Da gangan ya ɗaure kansa: bugu ɗaya, karin waƙa biyu, gudu ɗaya, sai sauti da ke ƙaruwa a hankali na kusan minti 15.

Bari mu fara da namu, ƙaramar gangar nan mai wayoyi a ƙasa, irin ta 'yan badujala. Bugunta gaɓa biyu ne kacal, sara 10 a ta farko, 14 a ta biyu. Makaɗi zai maimaita su sau 169, ka ga sara sama da 4,000 ke nan, ba hutu, ba kwaskwarima, ba damar goge gumi. Da farko ana buga ta can gefen fata, kusa da baki, a hankali ƙwarai har na bayan zaure sai ya kasa kunne kafin ya tabbatar an fara. A nan hannu ke tona asirin mai shi. Bugu da ƙarfi kowa ya iya. Amma ka sa sanda ta taɓa fata da ƙyar, hagu da dama su fito daidai wa daida, wayoyin su amsa kowane sara ba tare da ɗaya ya nutse ba, alhali zuciyarka na dukan uku-uku don duk zauren kai kaɗai ake ji, wannan sai wanda ya sha wuya. Daga nan kake matsowa tsakiyar fata kaɗan-kaɗan, sanda na ƙara tashi sama. In ka yi gaggawar sakin ƙarfi tun a minti na biyar, me za ka ba su a na goma sha huɗu?

Babban tarkon shi ne gudu. Jikin ɗan Adam, da sauti ya ƙaru sai hannu ya so ya ƙara sauri, ba tare da mai shi ya sani ba. Ravel bai yarda da wannan ba ko kaɗan. A 1930 babban jagoran makaɗa ɗan Italiya, Arturo Toscanini, ya kawo makaɗan New York birnin Paris ya buga shi da sauri fiye da yadda aka tsara. Ravel na zaune a zauren, ya ƙi miƙewa lokacin tafi, bayan an tashi kuma suka yi sa-in-sa. Ni ina bayan Ravel a wannan rigima. In aka yi sauri, kiɗan ya zama tsere, mai sauraro ya rasa wannan nauyin da ke taruwa a ƙirjinsa sannu a hankali, wanda shi ne dukan ribar abin.

Yanzu ga abin da ya wuce ka. Ka san yadda 'yan amshi ke riƙe baiti ɗaya, shi kuwa mawaƙi yana zuba sababbin kalmomi a kai. A Bolero babu kalma ko ɗaya, abin da ke sauyawa shi ne bakin da ke faɗin karin. Sarewa ce ke farawa, ita kaɗai, a ƙasan muryarta. Kilarinet, wani abin busa na katako, ta karɓa ta maimaita. Sai basun, dogon abin busa wanda aikinsa kaurin murya ne, aka tura shi can ƙololuwar muryarsa ya kawo kari na biyu, mai ɗan karkata da kuka-kuka. Haka ake tafiya, na farko sau biyu, na biyu sau biyu, kowane zagaye da sabon mai ɗauka. Akwai inda ƙaho mai toshe a baki ke haɗuwa da sarewa, akwai inda abin busan nan saksofon ke shigowa, abin da ba a saba gani cikin irin wannan taron makaɗa ba, ya ja karin da yanga irin ta kiɗan jaz. Wurin da na fi so shi ne zagaye na tara. Ravel ya haɗa ƙaho ɗaya da 'yan ƙananan sarewa biyu da wani abin kiɗa mai ƙarar ƙararrawa da ake kira selesta, ya sa kowace sarewa ta bi karin a nata matakin dabam. Kunne ba ya jin su a rarrabe, sai ya ji kamar wani sabon abin busa ne da ba a taɓa ƙerawa ba. Ka koma wurin nan ka saurara sau da yawa, gwaninta ce tsantsa.

Ka kuma tausaya wa mai turombon, ƙahon nan da ake ja ana turawa. Yana zaune shiru tun farko, leɓe ya huce, sai a zagaye na goma sha ɗaya a ce ya tashi shi kaɗai ya fara daga sama. Masu gogen Turawa su ma sun daɗe suna tsinkar tsirkiya da yatsa kawai, suna taya ganga, kafin a sake su su ja karin gaba ɗaya. Lokacin da suka shigo, sai ka ji zauren ya buɗe.

Duk wannan tafiyar a mataki ɗaya ake yin ta, kunne ya saba har ya manta akwai wani. Dab da ƙarshe, kwatsam sai Ravel ya ɗaga kiɗan duka zuwa wani mataki na sama, na gaɓa takwas kawai cikin 340, ya dawo da shi, turombon su yi kururuwa, faifan ƙarfe da babbar ganga su faɗo, komai ya rushe lokaci guda. Da an yi wannan ɗagawa a minti na biyu, ba wanda zai waiwaya. Jiran da aka sa mutane ne ya ba ta ƙarfi, kuma mai ƙaramar ganga ne ke riƙe da jiran nan a hannunsa.

Ga aikinka na wannan mako. Ka saurare shi sau ɗaya kana bin ganga kaɗai, sau ɗaya kuma ka rubuta sunan duk wanda ya karɓi kari, wanda ba ka gane ba ka bar gurbinsa mu cike tare. Sannan ka kunna ma'aunin gudu a wayarka, ka buga gaɓa biyun nan minti biyar a gefen fata ba tare da ka ƙara sauti ba, ka ɗauki kanka ka kawo mini ranar Asabar. Hannun hagunka nake son ji, don shi ke riga na dama sauka in ka zo jerin saran ƙarshe na gaɓa ta biyu.