Tambayi Likita: Ciwon Mara a Wurin 'Yan Mata

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yata mai shekara 14, duk ranar da al'adarta ta zo sai ta dunƙule a ƙasa tana kuka, har da amai, makaranta ma ba ta zuwa. Kakarta ta ce ta yi haƙuri, in ta yi aure ta haihu zai wuce. Haka ne? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Maganar kakarta da ƙamshin gaskiya, don mata da yawa kan samu sauƙi bayan haihuwa. Amma yarinyar da ke asarar karatu duk wata ba za a ce ta jira aure ba, alhali ga magani.

Idan haila ta zo, bangon mahaifa yana fitar da wani sinadari, furostagilandin, wanda ke sa mahaifar ta riƙa matsewa don jinin ya fita. In ya yi yawa, matsewar kan tsananta, sai ga murɗar mara, ciwon baya, amai, wani lokaci har gudawa. Ba raki ba ne. Yawanci yakan lafa cikin kwana biyu zuwa uku.

Ibuprofen yana rage wannan sinadarin, shi ya sa ya fi farasitamol aiki a nan. Mai shekarunta za ta iya shan miligiram 400 bayan cin abinci, kada ya wuce sau uku a rana. Inda iyaye ke kuskure shi ne jira sai ciwon ya kai ta ƙasa. Ta sha da zarar ta ga jini ko ta ji alamar murɗa. Ki zuba ruwan ɗumi a gora, ki naɗe da zane ki ɗora mata a mara. In tana da olsa, asma ko ciwon ƙoda, kada ta sha sai likita ya duba ta.

Tambaya: An ce maganin ciwon mara yana hana haihuwa nan gaba. Ni dai na hana 'yata sha. Daga wani uba a Maraɗi.

Amsa: Malam, ka sakar mata. Shan sa kwana biyu ko uku a wata ba ya hana haihuwa. Abin da zan so ka hana shi ne taramol da allurar kemis ba da izinin likita ba, da haɗa ibuprofen da diclofenac, don haɗin yana ƙona ciki.

Tambaya: Ƙanwata shekararta 15, duk wata tana ciwon mara mai tsanani, amma ba ta taɓa ganin jini ba.

Amsa: Ku kai ta wurin likitan mata cikin makon nan. Akwai yaran da ake haifa tantanin budurcinsu a toshe, jinin ya riƙa taruwa a ciki. Ƙaramin aiki ake yi a buɗe. Asibiti fa, ba wanzami ko ungozoma ba.

Sauran iyaye ma, ku garzaya asibiti in jinin ya wuce kwana 7, ko tana jiƙa audugar mata cikin awa ɗaya ko biyu, ko akwai zazzaɓi da ruwa mai wari, ko an yi wata uku ana shan magani yadda ya dace ciwon bai ragu ba. Mai sikila kuwa, a sanar da likitanta tun farko, don haila kan tayar wa wasu da ciwon.