Zuwa ga ƙanena da ke Sakkwato, kan maganar Rotary

Wa alaikumus salam ƙanena, na ga saƙonka, ka ce wani abokin Baba ya gayyace ka taron Rotary, ƙungiyar nan ta duniya mai ayyukan taimakon al'umma, kuma kana tambaya ko shiga zai sawwaƙa maka biza in za ka zo karatu Ingila. Gaskiya ba zai ba. Ofishin biza ba ruwansu da bajen da ka maƙala a riga, abinda suke dubawa takardar makaranta ce da kuɗin da ke cikin akawun ɗinka.

Kuma ga abinda mutane da yawa ba su sani ba, tallafin karatun da Rotary ke bayarwa ba a ba ɗan ƙungiya, ba a ba ƴaƴanshi, saboda haka in don sikolashif za ka shiga to kai da kanka ka rufe ƙofar. Wanda ke waje shi ke nema ta hannun kulob ɗin garinsu, kuma babban tallafin nasu na digiri na biyu ne zuwa sama.

Amma kar ka raina gayyatar nan. Wani lauya Paul Harris ya kafa Rotary a Chicago a 1905, kuma tsarinta tun asali sai wani mamba ya kawo ka, ka zo taro a matsayin baƙo, su ganka ka gansu, sannan a kai sunanka gaban shugabanni su amince. Wanda ya kawo ka mutuncinshi ya sa, in ka riƙa fashin taro shi za a kalla. Akwai kuɗin shekara, kuma nan inda nike abincin taro ma kai za ka biya, ga ɗalibi mai haya da kuɗin bas wallahi ba wasa ba ne. Shi ya sa ni dai na fi so ka fara da Rotaract, ɓangaren Rotary ne na matasa daga shekara 18, nauyinta bai kai ba kuma sa'o'inka za ka tarar.

Aikinsu kuwa ka ganshi da idonka, allurar shan inna da ake bi gida gida a Mabera da Runjin Sambo suna cikin manyan masu zuba kuɗi tun 1985, da sarakuna ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi suka sa baki har aka kai 2020 aka ce Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Wannan shi ya ja ni gare su.

Abu guda, nan Turai sau da yawa a otal ake taron kuma wasu na shan giya a teburi, ba mai tilasta maka amma ka sani tun yanzu. Akwai malamai da ba su yarda da shiga ba sam, don haka ka je taron ka gani, ka karanta dokokinsu, ka zauna da malaminka da Baba kafin ka cike fom. Ka gaida Inna da su Yaya.