Tambayi Likita: Ƙanena yana shirin tiyatar mayar da fuska irin ta mata

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina da ƙane wanda ya tafi karatu Ingila shekara tara da suka wuce, kuma bai sake takowa gida ba. Shekara uku ke nan da ya sanar da ni cewa yanzu a matsayin mace yake rayuwa, ya canza suna, yana kuma shan maganin homon, wato sinadarin jinsi, a hannun likita. A gidanmu ni kaɗai ce nake magana da shi. Hajiyarmu ta ji ƙishin-ƙishin, amma ba ta san komai da komai ba. Kwanan nan ya ce yana tara kuɗin wata tiyata da za a gyara masa ƙasusuwan fuska su koma irin na mata, ya kuma roƙe ni in bincika masa tarihin cututtukan gidanmu saboda likitocinsa sun nema. Batun hukuncin addini na san inda zan kai shi, kuma na kai. Abin da nake nema a wurinka shi ne bayanin wannan aiki da haɗarinsa. Sannan idan na ƙi ba shi tarihin, shin hakan zai sa a fasa aikin? Wata baiwar Allah, Gwale, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe domin ita ce ta fi gaggawa. Riƙe tarihin ba zai sa a fasa tiyatar ba. Likitan zai rubuta cewa ba a samu bayanin iyali ba, ya ci gaba da aikinsa, sai dai zai shiga ɗakin tiyata da ƙarancin sani game da jikin da ke gabansa. Duk abin da kike ji a ranki game da hanyar da ɗan'uwanki ya ɗauka, wannan bayani na kare rai ne, saboda haka shawarata ki ba shi cikakke. Zan bi lafazin wasiƙarki in ce ƙanenki, ko da yake ki sani cewa a asibitin can da lafazin mace za a kira shi, haka kuma za ki gani a takardun da zai iya turo miki.

Asalin maganar yana komawa ne ga lokacin balaga. Sinadarin testosteron, wanda yake da yawa a jikin namiji, shi ne yake kaurara ƙashin da ke saman idanu, ya faɗaɗa muƙamuƙi, ya tsawaita haɓa, ya kuma fito da zakaran wuya. Maganin istrojin, wato sinadarin da yake da yawa a jikin mace, da ƙanenki yake sha yana tausasa fata, yana kuma sauya wuraren da kitse yake taruwa har kumatu su ɗan cika, amma ƙashin da ya riga ya ginu ba ya komawa baya da magani. Wannan ne ya sa masu sauya jinsi daga namiji zuwa mace da yawa suke ganin aikin fuska ya fi musu kowane aiki muhimmanci, tun da fuska ce abin da mai shago da direban mota da ma'aikacin banki suke fara gani.

Wanda ya kafa tushen wannan tiyata wani likitan ƙasusuwan kai da fuska ne a birnin San Francisco na Amurka, mai suna Douglas Ousterhout, a farkon shekarun 1980. Da aka fara kawo masa irin wannan buƙata, sai ya koma ya yi nazarin ɗimbin ƙoƙunan kai da aka adana domin koyarwa, yana auna inda na maza da na mata suka bambanta, ya kuma gano cewa goshi ne yake ɗauke da babban kaso na bambancin. Har yau likitoci suna amfani da rabe-raben goshi da ya tsara. Ba aiki guda ba ne, tarin ayyuka ne da ake zaɓa gwargwadon fuskar mutum, wani lokaci a yi su a zama ɗaya wanda kan iya cin awa shida zuwa goma mutum yana cikin barcin tiyata, wani lokaci kuma a raba su gida biyu.

Aikin goshi shi ne mafi nauyi, kuma gara ki ji shi yadda yake. Ana tsaga fatar kai daga saitin kunne zuwa ɗaya kunnen, ko dai ta cikin gashi ko ta bakin layin gashi, a naɗo fatar goshi ƙasa har zuwa gira domin ƙashin ya bayyana. A bayan tudun girar akwai wani kogon iska a cikin ƙashi, wanda yake haɗe da hanci. Ga wanda ƙashinsa yake da kauri, gogewa kawai ake yi da na'ura. Ga yawancin mutane kuwa bangon gaban kogon siriri ne, idan aka goge shi zai huje, saboda haka sai a yanke bangon gaba ɗaya, a fito da shi, a gyara siffarsa, a mayar da shi a ɗan tura shi ciki, a ɗaure da ƙananan ƙarafan taitaniyam ko siririyar waya. A wannan zaman ne kuma ake goge gefen ramin idanu, a ɗaga gira, a kuma janyo layin gashi gaba ga wanda sanƙo ya fara ci.

Muƙamuƙi da haɓa ta cikin baki ake shiga musu, don haka ba a ganin tabo a waje. Ana rage kusurwar muƙamuƙi, a yanka ƙashin haɓa a cire wani yanki a matse sauran. A nan akwai wata jijiya da take kai ji zuwa leɓen ƙasa da haɓa, kuma kusan kowa yakan tashi wurin ya mace masa na makonni ko watanni. Ga wasu ƙalilan jin ba ya dawowa cikakke. Hanci da leɓen sama da kumatu ayyuka ne da aka saba yi wa kowa a fannin gyaran fuska. Zakaran wuya kuwa guringuntsi ne, ana aske shi ta ƙaramar tsaga, amma igiyoyin murya suna manne ne daf da bayansa, kuma likitan da ya zarce iyaka zai iya barin mutum da dasasshiyar murya har abada. Askewar ba ta sirantar da murya, kamar yadda duk tiyatar ba ta cire gemu. Gashin fuska aiki ne dabam da ake yi da na'urar leza ko allurar lantarki a tsawon watanni masu yawa, kuma baƙar fata irin tamu tana buƙatar leza ta musamman, in ba haka ba a ƙone ta.

Yanzu ga abin da ya shafe ki kai tsaye, wato tarihin gida. Na farko shi ne sikila. Kusan ɗaya cikin kowane mutum huɗu a Najeriya yana ɗauke da rukunin jini na AS, kuma likitan sa barci yana son sanin wannan kafin aiki mai tsawo; gwajin jini zai nuna, amma ki faɗa masa idan akwai mai cutar a dangi. Na biyu, ki tambaya ko an taɓa samun wanda jini ya daskare masa a ƙafa ko a huhu, ko wadda ta mutu farat ɗaya bayan haihuwa ko bayan tiyata. Istrojin da kansa yana ƙara haɗarin daskarewar jini, doguwar kwanciya a kan gadon tiyata tana ƙarawa, doguwar tafiya a jirgi bayan aiki ita ma haka. Saboda wannan ne wasu likitoci suke dakatar da maganin makonni kaɗan kafin aiki, wasu kuma suke barin sa su ba da allurar tsinka jini. Na uku, ko akwai wanda aka sa wa barcin tiyata jikinsa ya ɗauki zafi mai tsanani ko ya kasa farfaɗowa, domin akwai wata matsala irin wannan da ake gado, ba ta da yawa amma tana kisa. Sai hawan jini, da ciwon suga, da yawan zubar jini bayan kaciya ko cire haƙori.

Akwai guda ɗaya da nake so ki ba muhimmanci, domin likitan da yawancin marasa lafiyarsa Turawa ne zai iya wuce shi da sauri. Shi ne tabo mai tasowa, wanda muke kira kiloyid, irin wanda kike gani ya yi ƙululu a kunnen yarinya bayan huji, ko a ƙirji, ko a inda wanzami ya yi tsaga. Ya fi yawa a baƙar fata, kuma yana bin dangi. Ki duba kunnuwan 'yan'uwanki mata, ki tuna tsagar iyaye da kakanni. Idan yana gidanku, to tsagar bakin layin gashi, da ta ƙarƙashin hanci, da ta wuya, duk wurare ne da ya kamata ƙanenki ya zauna da likitansa su sake shawara a kansu, ya kuma nemi ganin hotunan baƙaƙen fata da likitan ya yi wa aiki shekara guda bayan tiyata, ba mako shida ba.

Sauran shirin a wuyansa yake. Za a ɗauki hoton ƙasusuwan kansa da na'urar siti-sikan domin a auna kaurin bangon goshi da hanyar jijiyoyi. Za a duba haƙoransa, tun da ruɓaɓɓen haƙori yana iya sa ciwon cikin baki ya ɗauki ƙwayar cuta. Idan yana shan sigari ko shisha dole ya bari aƙalla mako huɗu zuwa shida kafin aiki da bayansa, saboda nikotin yana matse jijiyoyin jini har fatar da aka ɗaga ta iya mutuwa. Likitoci masu bin ƙa'ida kuma suna tabbatar da cewa mutum ya tattauna da masanin lafiyar ƙwaƙwalwa, ya fahimci cewa ƙashin da aka cire ba ya dawowa, kuma fuskar da zai samu tasa ce aka sassauta, ba ta wata da ya gani a hoto ba. Binciken da aka yi ya nuna yawancin waɗanda aka yi wa aikin suna bayyana gamsuwa, sai dai akasarin binciken a kan mutane kaɗan aka yi shi kuma ba a bi su shekaru masu yawa ba, wasu kuma sukan koma a sake gyara.

Kwanakin farko suna da wuya. Fuska takan kumbura har idanu su kusa rufewa, kumburin ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, abinci sai mai ruwa-ruwa irin kunu da romo, barci kuma sai da kai a ɗage. Mutane da yawa sukan shiga ƙunci a wannan lokaci idan suka kalli madubi, domin cikakkiyar siffar ba ta zama sai bayan wata shida zuwa shekara. Yana buƙatar mai jinya a makonni biyun farko. Ki tambaye shi wa zai zauna da shi, domin wanda ya yi nisa da danginsa sau da yawa a nan yake da giɓi. Game da kuɗi, hukumar lafiya ta gwamnatin Ingila, wato NHS, ba ta saba biyan wannan aiki ba, shi ya sa yake tari. Kuɗin yakan kai dubunnan fam masu yawa, kuma wasu sukan tafi Sifaniya ko Tailan ko Turkiyya. Araha a aikin da ya kusanci ido da ƙwaƙwalwa abin tsoro ne, musamman idan likitan yana wata ƙasa ranar da matsala ta taso.

Abu na ƙarshe da ya kamata ya sani shi ne batun dawowa gida. Fasfo ɗin Najeriya yana ɗauke da hoto da zanen yatsu, kuma fuskar da ta saɓa wa hoto tana jawo tambayoyi a filin jirgi. Ga dokar hana auren jinsi da aka sa wa hannu a watan Janairun 2014, ga dokokin Shari'a na Jihar Kano, ga kuma Hisbah da ta sha kama maza kan shigar mata. Wannan fagen lauya ne, kuma ya dace ya nemi shawararsa tun kafin a taɓa fuskar.

Tambaya: Likita, ni ɗalibar aikin jinya ce. Shin masu sauya jinsi su ne waɗanda muke kira mata-maza? Kuma ana irin wannan tiyatar fuska a Kano? Wata ɗaliba, Tarauni.

Amsa: Malama, abubuwa biyu ne mabambanta, kuma haɗa su yana cutar da iyalai. Mata-maza, wanda malaman fiƙihu suke kira hunsa, shi ne wanda aka haifa da al'aura ko ƙwayoyin halitta ko sinadaran jiki da ba su tsaya a ɓangare ɗaya ba. Misali, akwai jaririya mace wadda wani ƙullin da ke saman ƙodarta yake fitar da sinadarin maza da yawa, sai a haife ta da kamannin namiji. Irin wannan jaririya tana iya rasa gishirin jikinta ta galabaita a makonnin farko, don haka asibiti za a garzaya da ita, ba ɓoyewa ba. Mai sauya jinsi kuwa jikinsa a fili yake tun haihuwa, abin da yake ji game da kansa ne ya saɓa da jikin. Hukumar Lafiya ta Duniya, a sabon kundin cututtukanta da aka amince da shi a 2019, ta fitar da wannan yanayi daga babin taɓin hankali. A ɓangaren addini, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta halatta tiyata ga hunsa a 1989, ta kuma haramta ta ga wanda halittarsa take cikakkiya, kuma a kan wannan malamanmu suke, yayin da Iran ta ɗauki wata hanyar dabam tun bayan fatawar Ayatullahi Khumaini a shekarun 1980.

Dabarun aikin kuwa ba baƙi ba ne a nan. Yanka ƙashin haɓa, da ɗaure muƙamuƙi da taitaniyam, da gyara bangon goshin da ya rotse, duk ayyuka ne na likitocin baki da ƙasusuwan fuska irin waɗanda za ki tarar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sai dai waɗanda suke kwance a gadajensu mutanen da suka yi haɗarin mota ko babur ne, da yaran da aka haifa da tsagaggen leɓe, da masu ƙari a muƙamuƙi, da waɗanda cutar da likitoci suke kira noma, mai farawa da gyambo a cikin baki, ta ci wa fuska. Idan aka tura ki wannan sashe, ki lura da yadda ake gwada jin leɓen ƙasa da ɗan auduga kowace safiya bayan aikin muƙamuƙi; jijiyar da na ambata wa Hajiya ce ake dubawa.