Shin akwai watan da jarrabawar SAT ta fi sauƙi?

Wani bawan Allah da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York ya aiko da tambaya game da 'yarsa da ke aji na sha ɗaya. An gaya masa cewa SAT, wato jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka, ta wasu watanni ta fi sauƙi, kuma babban ɗansa, wanda ya rubuta ta a takarda, yana cewa ta kwamfuta wasan yara ce. Yana son ya san ko ya jinkirta yi mata rajista har watan sauƙin ya zo.

Alhaji, shawarata ita ce kada ka jira. Gaskiya ne tambayoyin wannan wata na iya fin na wancan wuya, amma hukumar College Board, mai shirya jarrabawar, tana auna wuyar kowane zubi tun kafin a rubuta shi, sannan ta daidaita makin yadda 1300 ta watan Maris za ta yi daidai da 1300 ta watan Oktoba. Ba a kwatanta 'yarka da waɗanda suka zauna tare da ita ranar. Abin da ke faruwa shi ne, idan tambayoyin suka yi sauƙi, kuskure ɗaya yana cin maki mai yawa, idan kuma suka yi wuya, ana iya yin kuskure fiye da ɗaya ba tare da asara mai yawa ba. An ga haka a watan Yunin 2018, lokacin da lissafin ya zo da sauƙi, ɗalibai suka fito da murna, sai da sakamako ya fito suka yi ta ƙorafi cewa kurakurai kaɗan sun zubar musu da maki.

Maganar babban ɗanka kuwa tana da ƙanshin gaskiya, amma bai faɗi duka ba. Ta takarda tana da tambayoyi 154 cikin sa'o'i uku, ta kwamfuta, wadda aka fara a wajen Amurka a 2023 sannan a cikinta a Maris 2024, tana da 98 cikin sa'o'i biyu da minti 14. Ma'aunin bai canza ba, daga 400 zuwa 1600 ne. Sai dai yanzu an raba Turanci kashi biyu, lissafi ma haka, kuma ƙoƙarin ɗalibi a kashin farko shi ke zaɓar masa na biyu. Wanda ya yi rauni a farko za a ba shi tambayoyi masu sauƙi, amma ko ya ci su duka ba zai kai ƙololuwar maki 800 na wannan darasi ba. Saboda haka idan 'yarka ta fito tana cewa kashi na biyu ya ba ta wahala, sau da yawa wannan alamar alheri ce.

Ta sauke Bluebook, manhajar College Board da ake rubuta SAT da ita, ta yi jarrabawar gwaji a ciki, kyauta ne, ta kuma saba da kalkuletan Desmos da ke cikinta. Kada ta bar tambaya babu amsa, domin tun 2016 aka daina rage maki a kan amsar da ba daidai ba. Ku zaɓi rana bisa shirinta da wa'adin jami'o'in da take so, kuna sane da cewa jami'ar MIT ta dawo da sharaɗin jarrabawar a 2022, Harvard da Yale suka sanar da nasu a 2024, alhali jami'o'in University of California ba sa duba makin wajen ba da gurbin karatu. Idan kuma kana tunanin mayar da ita Najeriya karatu, hanyar shiga jami'a a can ta JAMB ce, kuma wannan shiri ne na dabam da ya kamata a fara da wuri.