Walƙiya: Ta Sama da Ta Bakin Mutane

Wani ɗan'uwa mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya aiko da tambaya. Ya ce ya ji wani dattijo yana cewa "an yi walƙiya, mun ga kowa" da rana tsaka, babu ko alamar hadari, shi ne yake son sanin abin da ake nufi.

Malam, a asali walƙiya ita ce hasken nan da ke keta sararin sama idan hadari ya haɗu, irin wanda mazauna Legas suka saba gani a watan Yuni. Haske ce kawai, ba ƙara ba. Ƙarar ita ce tsawa, rugugin da ake jiyowa daga nesa kuma cida, wadda ta faɗo ta yi ɓarna kuwa aradu ce ko kwarankwatsa. Ina takaicin yadda matasanmu ke cakuɗa waɗannan kalmomi, alhali kowacce da gurbinta. Ana riga ganin walƙiya kafin a ji tsawa ne domin haske ya fi sauti gudu nesa ba kusa ba, tunda sauti yana ɗaukar kusan daƙiƙa 3 kafin ya ci kilomita ɗaya.

Daga wannan saurin aka samo "ya wuce kamar walƙiya", daga hasken kuma ake cewa shadda tana walƙiya idan ta sha bugu.

Maganar dattijon nan ta fi waɗannan zurfi. Ka tuna daren damina a unguwar Agege ta Legas bayan an ɗauke wuta, ana tafe cikin duhu ba a san wanda ke gefe ba, sai sama ta haska sau ɗaya, ka ga kwata a gabanka, ka ga fuskar wanda ya laɓe a jikin katanga. Duhun yana dawowa nan take, amma abin da ido ya gani ya riga ya gani. To, haka Bahaushe ke kallon wata jarrabawa da ke zuwa ba zato, kamar gobarar kasuwa ko karyewar jari ko lokacin zaɓe, wadda ke tona halin mutane har a bambance masoyi na gaskiya da mai fuska biyu. Saboda haka dattijon yana nufin wani abu ya faru a kasuwarku wanda ya fallasa waɗanda a da ake yi wa kyakkyawan zato, kuma galibi da ɓacin rai ake faɗin wannan magana.