Akwatin 'Ya'yan Lido: Me Ya Sa Murfi Ke Cijewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon kafinta a Daura. Ina son in yi ƙaramin akwati na ado da za a riƙa ajiye dayis biyu da 'ya'yan lido goma sha shida. Waɗanda nake gani a majalisa, ko dai murfin ya cije da damina, ko ya tsage da hunturu. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Matsalar tana wajen katako tun kafin a ɗauki zarto. Katakon da ake kawowa daga kudu yakan iso da danshinsa, iskar hunturun ƙasar Katsina kuwa ba ta raga masa. Yana shan laima ya kumbura, yana bushewa ya tsuke, kuma motsin nan ta faɗi yake yinsa, ta tsawo kusan babu. Saboda haka ka nemi busasshen maɗaci, ko da guntun tsohuwar ƙofa ne, ka ajiye shi a inuwa mako biyu kafin ka taɓa. Kirya tana da kyau da ƙarko, sai dai taurinta yakan dakusar da kayan aikin ɗan koyo.

Awo daga dayis ake fara shi. Wanda aka fi samu milimita 16 ne kowane gefe, to gurbinsa ya zama 19, don yatsa ya samu wurin ɗauko shi. Cikin akwatin, tsawo santimita 12, faɗi 8, zurfi 3 ya wadatar, bango kuma kaurin milimita 9. Ka raba cikin gida biyar da siraran katako: huɗu na launukan 'ya'ya, ɗaya na dayis.

Yanzu ga murfin, inda aikin yake. Yi shi mai zamewa, kaurin milimita 6. Tsagin da zai bi ya zama faɗin 7, zurfin 4, sannan ka rage faɗin murfin da milimita 1 daga abin da tsagin zai ɗauka. Wannan 'yar tazara ita ce maganin damina. Idan da hunturu kake aikin, kada ka kuskura ka matse shi don ya yi maka daɗin ja, Agusta na zuwa. Gindin ma a tsagi za ka sa shi ba gam, don idan aka manne shi ta ko'ina, wajen tsukewa sai ya dare.

Kusurwa kuwa gam fari da matsewa na kwana ɗaya. Ƙusa a katako mai wannan sirantaka tsaga shi take yi.

Ado a yi shi kafin a haɗa. Dagin Arewa yana zama daram a tsakiyar murfi. A zana da fensir, a bi da ƙarfe mai zafi yadda masu zanen ƙwarya ke yi. In sassaƙa ce, kada ta wuce zurfin milimita 2. Mu dai mun fi son zane ɗaya mai tsabta a kan cika ko'ina da kwalliya.

A shimfiɗa jar fatar akuya daga wajen dukawa a ciki, tana kashe ƙarar ƙwal-ƙwal. A goge da samfefa lamba 120, sannan 220, a shafa kakin zuma ciki da waje daidai, har cikin tsagin. Shafe gefe ɗaya kawai shi ke sa murfi lanƙwashewa. Man gyaɗa kuma a bar wa ƙosai, yana daɗewa sai ya fara wari.