Sawun Dainoso ne Muka Gani a Duwatsun Shere?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Jos. Mun kai ɗalibai yawon buɗe ido duwatsun Shere, sai muka ga wani gurbi a kan falalen dutse mai kama da tafin ƙafa, har da wuraren yatsu uku, tsawonsa ya kai kamu ɗaya. Yara suka dage cewa sawun dainoso ne, wato dabbobin nan masu kama da manyan ƙadangaru da suka ƙare tun zamanin da. Zai yiwu? Kuma ta yaya sawu ke zama dutse?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba sawun dainoso ba ne, kuma hujjar tana jikin dutsen da kansa. Duwatsun Shere giranit ne, wato narkakken dutse da zafinsa ya haura digiri 650, wanda ya huce a hankali a can ƙarƙashin ƙasa, sai daga baya zaizaya ta tono shi. Babu dabbar da ta taɓa taka shi yana da laushi. Giranit ɗin Jos ya haura shekara miliyan 150, ya yi zamani da dainoso ke nan, amma a lokacin yana binne. Haka ma Dutsen Aso da Dutsen Zuma: duk kwarmin da aka gani a jikinsu ba sawu ba ne.

Abin da kuka gani aikin ruwa ne. Ruwan sama yakan kwanta a ɗan lotsi, ya riƙa cin ma'adinan dutsen, gansakuka ta taimaka masa, iska ta kwashe garin. Idan akwai tsaga biyu ko uku da suka haɗu a wurin, sai ramin ya bi su ya fitar da wani abu kamar yatsu.

Sawu na gaske yana buƙatar ƙasa mai danshi daidai wa daida. In taɓo ya yi ruwa-ruwa, bakin sawun zai rufta da zarar an ɗaga ƙafa. In ya bushe ƙayau, ba zai karɓi taku ba. Bayan an taka, sai rana ta ɗan ƙeƙasar da shi, sannan yashi ko toka su rufe shi kafin ruwa ya wanke. Bambancin ƙasar da aka taka da wadda ta rufe shi ne ke sa hawa biyun su rabu bayan sun zama dutse, ɗaya da gurbi, ɗaya da tudun da ya cike gurbin. Haka aka yi a Laetoli ta ƙasar Tanzaniya, inda ayarin masaniya Mary Leakey ya tono sawaye a 1978: tokar dutse mai aman wuta ta zuba, yayyafi ya jiƙa ta, wasu halittu masu tafiya da ƙafa biyu suka ratsa, wata tokar ta rufe. Shekarun sawayen sun kai miliyan 3.6, jerinsu kuma ya kai tsawon mita 27.

To yaya ake bambancewa? A fara da dutsen: shin mai hawa-hawa ne, wanda laka ko yashi suka taru suka daskare? Sai a duba ko gurbin yana da 'yan'uwa. Dabba ba ta yin taku ɗaya ta ɓace, don haka ana neman hagu da dama, girma ɗaya, tazara kusan ɗaya. A bakin sawu na gaske akan ga ɗan tudun lakar da nauyin ƙafa ya turo gefe, ƙarƙashinsa kuma siraran hawan laka sun lanƙwashe. Ramin da ruwa ya ci yanke hawan yake yi, ba ya lanƙwasa su. In aka ga tsagewar busasshiyar laka, ko layin igiyar ruwa, ko ɗigon ruwan sama a kan falalen, hujja ta ƙara ƙarfi.

Masana na ji da sawu saboda ruwa na iya kwasar ƙashi ya kai shi nesa, amma sawu yana nan inda dabbar ta taka tana raye. Har saurinta ana ƙiyastawa, bisa hanyar da masanin dabbobi R. McNeill Alexander ya fitar a 1976. Ana ninka tsawon sawu sau 4 a sami tsayin kwatangwalo. Sai a auna tazara daga sawun dama zuwa sawun dama na gaba, a raba da wancan tsayin. Sawu mai santimita 40 yana ba da kwatangwalo mita 1.6; in tazarar mita 2.4 ce, amsar 1.5 ke nan. Ƙasa da 2 tafiya ce, sama da 2.9 gudu. Inda ake yawan kuskure shi ne auna sawun da ya nutsa zuwa hawa na ƙasa, domin yakan baje ya fi ƙafar girma.

Ba ƙafa kaɗai ke barin alama ba. Akwai ramukan tsutsa da na dangin jatan lande, gurbin saiwa, shatar haƙori a jikin ƙashi, har da kashin dabba da ya zama dutse. Ramuka a tsaye kamar bututu, waɗanda ake kira Skolithos, galibi suna nuna gaɓar teku mai yashi da igiyar ruwa mai ƙarfi. Waɗanda ke kwance suna karkacewa sun fi yawa a ruwa mai natsuwa. Masu binciken man fetur na amfani da wannan wajen gane yanayin da dutse ya samu.

Wanda ke son ganin irin waɗannan alamu a duwatsu masu hawa-hawa sai ya sauka daga tsaunin Filato zuwa kwarin Binuwai da Gongola, ko yankin Bida da Lokoja, ko Sakkwato. A yankin Agadas na Jamhuriyar Nijar kuwa an samu sawayen dainoso na gaske.

In Allah Ya sa kuka ci karo da abin da ya cika sharuɗɗan nan, ku ajiye rula a gefensa ku ɗauki hoto daga sama tsaye, da sassafe ko da yamma, lokacin da hasken rana ke zuwa a karkace yana fitar da inuwa. Ku ɗauki lambobin wurin da waya. Kada a sare shi da kurfi, kada a zuba siminti don kwafa, kada a zagaye shi da fenti. Ku kai hotunan Sashen Nazarin Duwatsu na Jami'ar Jos, ko Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa da ke Abuja.